Kotu Da Kwamfuta: Yadda Ake Shata Burtalin Takardun Shari'a

 

A wannan fitowa za mu ɗan ajiye zancen farashi da na allurar rigakafi, mu taɓa wata magana wadda da jin ta wani zai ce, ina ruwan biri da gada? Wato maganar haɗa kotunan ƙasa da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda ake kira kwamfuta, da yadda ake tsara wannan aiki tun daga tushe. To jama'a, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin kuwa da ruwanmu a ciki, har da tsaki.

ABIN DA YA JAWO MAGANAR

Wani ɗan'uwa daga cikinmu, ba sai mun ambaci sunansa ba, ya ba wani ɗan kasuwa bijimai arba'in da zai kai kasuwar Muwailih ta Umdurman. Aka biya shi rabi, aka ce sauran sai an dawo. An dawo, shiru. Wata ya bi wata, shiru. Da tura ta kai bango ya kai ƙara kotu. Shaidunsa biyu sun ba da shaida, damin ɗin da ya tsaya wa cinikin, wato mai lamuni a bakinmu na Hausa, shi ma ya zo ya faɗi abin da ya sani, magatakarda ya rubuta. Ba abin da ya rage sai ranar hukunci. Sai yaƙi ya shigo garin, kowa ya yi ta kansa.

Da ƙura ta lafa ya koma, sai ya tarar babu fayil, babu labarinsa. Shaida ɗaya ya riga mu gidan gaskiya, ɗayan yana gudun hijira a wata ƙasa, damin kuwa ba wanda ya san inda ya nufa. Alƙali bai zalunce shi ba, magatakarda ma bai ci amanarsa ba. Abin da ya faru shi ne, haƙƙinsa na bijimai ashirin yana rubuce a takarda ɗaya tilo, a ɗaki ɗaya, a gari ɗaya. Da ɗakin ya tafi, sai haƙƙin ya bi shi.

Kowa ya san abin da ƙasar nan ta gani tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Madani ta faɗa hannun dakarun Da'amus Sari a watan Disamba na wannan shekara, Sinja kuma a ƙarshen Yuni, 2024, sai a ranar 23 ga Nuwamba sojoji suka karɓe ta. A garuruwa da dama da yaƙin ya shiga an fasa ofisoshin hukuma, kotuna na ciki, takardu sun ƙone ko sun watse. Kada kuma a manta, a Sudan rajistar filaye tana ƙarƙashin hukumar shari'a ne. Ke nan takardar gidanka da ta filin zaribarka su ma suna cikin wannan jirgi.

Kada 'yan'uwanmu na yamma su ce wannan matsalar Sudan ce kawai. A watan Oktoba, 2020 an ƙone babbar kotun Igbosere a Ikko lokacin zanga-zanga. Ranar 1 ga Agusta, 2024 ɓata-gari sun afka wa babbar kotun Kano, suka yi ɓarna, suka watsa takardu. Ko babu yaƙi babu tarzoma, akwai gara, akwai yoyon rufi, akwai ɓera, akwai kuma hannun ɗan'adam, wanda ya fi su duka ɓarna.

MECE CE SHABAKA?

Kwamfuta guda a kan teburin magatakarda ba ta fi tafireta da akwatin ajiya ba. Idan aka ɗauke ta, an ɗauke komai. Amfanin yana zuwa ne idan an haɗa ta da 'yan'uwanta, ta yadda abin da aka rubuta a nan zai bayyana a can nan take. Wannan haɗin shi mutanen ƙasar nan ke kira shabaka, wato raga ko koma irin ta masunta, a Najeriya kuma ka ji ana cewa netwok.

Shabakar kotu hawa uku ce. Hawa na farko shi ne na cikin gida: wayoyi da ke haɗa teburin mai karɓar ƙara, da na mai karɓar kuɗi, da ofishin alƙali, da zauren shari'a, duk a gini ɗaya. Hawa na biyu shi ne wanda ke haɗa gari da gari, a ce kotun Abu Hujar da ta Sinja, ta Sinja kuma da Kotun Ƙoli. Hawa na uku shi ne rumbu, wato ɗaki mai sanyi da tsaro inda manyan na'urori ke ajiye duk abin da aka rubuta a ƙasa baki ɗaya.

Mu da muka san kora ba za mu sha wuyar gane wannan ba. Garke ba ya tashi daga Nyala ya iso Umdurman don kawai shanun suna da ƙafa. Sai da burtali, sai da mashaya a tsakani, sai da zango, sai da madugu wanda ya san hanya, sai da alama a jikin kowace dabba. Haka takardar shari'a take idan ta shiga waya. Wanda ya sayo kwamfutoci ya jibge a kotu bai tanadi waɗannan ba, daidai yake da wanda ya sayi shanu dubu bai san ta inda zai bi da su ba.

MATAKIN FARKO: A BI SAWUN FAYIL

Masu tsara irin wannan aiki, idan sun san abin da suke yi, ba da sayen kaya suke farawa ba. Da ƙidaya suke farawa. Kotu nawa ce a ƙasar? Wace ce ke da wuta, wace ce ba ta da ita? Ƙara nawa ke shiga kowacce a shekara? Ma'aikata nawa ne suka taɓa dafa kwamfuta? A Sudan akwai jihohi 18, kotuna kuma hawa-hawa ne: Kotun Ƙoli, kotunan ɗaukaka ƙara, manyan kotuna, kotunan juz'iyya, sa'an nan kotunan birane da karkara, inda shugabannin gargajiya ke zama. Jihar Sinnar kaɗai tana da ƙananan hukumomi bakwai, tun daga bakin kogi har Dali da Mazmum, can wajen iyakar Sudan ta Kudu, inda dabbobi suka fi yawa, hanya kuma ta fi wuya da damina.

Bayan ƙidaya sai a ɗauki fayil guda a bi sawunsa daga ranar da aka shigar da ƙara har ranar da aka zartar da hukunci. Hannu nawa ya bi? A wane tebur ya fi daɗewa? Sau nawa aka sake rubuta suna ɗaya a littattafai daban-daban? A nan ne ake gano cewa wasu matakan ba su da wani amfani sai jinkiri. Idan ba a cire su ba aka zuba su cikin kwamfuta yadda suke, to an sayi jinkiri mai tsada ke nan.

Daga nan sai maganar lamba. Kowace ƙara a ba ta lamba guda wadda babu mai irinta a ƙasar, ta bi ta daga ƙaramar kotu har Kotun Ƙoli, kamar yadda alamar wuta ke bin sa duk kasuwar da ya shiga. Kowane mai ƙara kuma a ɗaure sunansa da lambarsa ta ɗan ƙasa. Wannan yana da muhimmanci a gare mu, domin Muhammad Adam nawa ne a kasuwa ɗaya? Sai dai a nan akwai wurin da ya kamata mu sa ido. Falken da ya zo daga Cadi ko Nijar ba shi da lambar ɗan ƙasa ta Sudan. Idan masu tsarin ba su bar gurbin fasfo ko wata shaidar baƙo ba, ranar da ya zo kai ƙara na'ura za ta ƙi karɓarsa, magatakarda ya ce masa ba laifina ba ne.

HANYA, DA HANYAR KO-TA-KWANA

Hanyoyi uku ake bi wajen haɗa gari da gari. Akwai wayar gilashi da ake binnewa a ƙasa, wadda haske ke gudu a cikinta. Ita ta fi kowacce ɗaukar kaya, amma tana bin manyan tituna ne kawai, kuma mai haƙa rami ko ambaliya na iya tsinke ta. Akwai turakun kamfanonin waya irin su Sudani, Zain da MTN, waɗanda suka fi kaiwa ƙauyuka, amma ƙarfinsu na raguwa idan jama'a sun yi yawa a kai. Akwai kuma tauraron ɗan'adam, wanda ke kaiwa ko'ina, sai dai tsada, ga shi kuma linzaminsa yana hannun kamfanin wata ƙasa.

Faɗin hanyar ma sai an auna. Rubutu zalla ba shi da nauyi, ko 'yar siririyar hanya ta ishe shi. Hoton takardu ya fi nauyi. Ɗaukar shaidar mutum ta bidiyo yana nesa kuwa, shi ne mai cin hanya. Turbar da ta ishi awaki goma ba za ta ishi garken shanu ba. Saboda haka ba a yi wa kotun karkara da kotun ɗaukaka ƙara ɗinki iri ɗaya.

Babban darasi a nan mun koye shi da jikinmu. A watan Fabrairu, 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a kusan duk faɗin Sudan. Manyan injinan kamfanonin suna Hartum, inda yaƙi ya fi zafi, da aka kashe su a can sai kowa ya shiga duhu, har wanda ke nesa da fagen daga. Duk wanda ke ciniki da Bankak ya tuna kwanakin nan: ga shanu, ga mai saye, ga kuɗi a asusu, amma babu halin turawa. Sai da aka kafa sababbin injina a Bur Sudan abubuwa suka fara dawowa, a wurare da yawa kuwa Starlink ne ya rufa wa mutane asiri. A yammacin Afirka ma, ranar 14 ga Maris, 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddebuwa, bankuna a Najeriya da Gana suka rikice.

Ke nan ƙa'ida ita ce, kowace babbar kotu a ba ta hanya biyu daga kamfani biyu, waɗanda ba su bi ta rami ɗaya ba. Ƙaramar kotu kuwa a tsara na'urarta yadda za ta ci gaba da aiki ko babu shabaka, ta riƙe abin da aka rubuta a cikinta, in layi ya dawo ta tura. Duk tsarin da zai sa alƙali ya ɗage shari'a don sabis ya ɗauke, alhali mutum ya yi tafiyar kwana biyu daga Mazmum, to da muguwar rawa gara ƙin tashi.

WUTA DA RUMBU

Wutar ƙasar nan yawanci daga madatsun ruwa take, Rusairis da Marawi da Sinnar. A farkon 2025 hare-haren jirage marasa matuƙi a kan tashoshin wuta, har da ta Marawi, sun jefa jihohi da dama cikin duhu na kwanaki. Don haka kotun da za a sa wa kwamfuta sai an haɗa mata da faifan hasken rana da batura, a kuma sa kuɗin canjin batura a kasafi tun farko, tunda ba su wuce 'yan shekaru. Ga zafi, ga ƙurar habub, dukansu maƙiyan na'ura ne. Wanda ya ba da kuɗin saye bai ba da na gyara ba, bayan shekara uku zai tarar da kayan an lulluɓe su da ƙyalle an ɗora fayil a kai.

Maganar rumbu kuwa ita ce zuciyar wannan bayani. Masana sun daɗe da wata ƙa'ida mai sauƙi: kowane bayani a yi masa kwafi uku, a ajiye a ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a kai shi gari mai nisa. Wasu suna ƙarawa da cewa kwafi ɗaya a cire shi daga waya ɗungurungum, a kulle. Bafulatani ya riga su sanin wannan, shi ya sa mai dukiya ba ya tara ta a ruga ɗaya, yakan raba wa makiyaya biyu ko uku, in ciwon huhu ya shiga wannan garke, wancan ya tsira. Da a ce shaidar da aka bayar a ƙarar ɗan'uwanmu ta shiga rumbu a daren ranar, kwafinta kuma ya tafi wani gari, da ko an ƙone ginin ƙurmus, lambar ƙarar kawai zai faɗa a fito masa da komai.

Amma kada rumbun nan biyu su zauna a birni ɗaya. Hartum ta nuna mana dalili, Bur Sudan ma da aka koma, an kai mata hari ta sama a watan Mayu, 2025. Sa'an nan ajiye kwafi bai isa ba, sai ana gwada buɗe shi lokaci-lokaci. Rumbun da ba a leƙawa, ranar yunwa ake tarar da gara ta cinye.

WA KE RIƘE DA MAKULLI?

Wani zai ce, to idan da can ana ɓatar da fayil da hannu, yanzu ai sai a goge shi da yatsa ɗaya. Tambaya ce mai kyau. Amsarta ita ce sawu. Kyakkyawan tsari yana ba kowane ma'aikaci nasa makullin sirri, kuma kowa iyakarsa aikinsa: mai karɓar kuɗi ba ya iya taɓa hukunci, magatakarda ba ya iya canza kwanan wata bayan an rufe. Duk wanda ya buɗe fayil, na'ura tana rubuta sunansa da ranar da sa'ar da abin da ya taɓa, a wurin da shi ba ya iya gogewa. Kamar yadda masu bin sawu ke bin ɓarawon shanu har ƙofar gidansa, haka mai bincike zai bi wannan. A wasu ƙasashe ma na'ura ce ke raba wa alƙalai ƙararraki ta hanyar ƙuri'a, don kada wani ya zaɓi alƙalin da yake so.

Akwai kuma ɓarayin waje. A watan Satumba, 2021 wasu 'yan damfara suka kutsa cikin na'urorin Ma'aikatar Shari'a ta Afirka ta Kudu suka kulle su, aiki ya tsaya cik na makonni, har kuɗin ciyar da yara da ake biya ta kotu ya makale. Wannan ƙasa ce mai arziki da masana. Shi ya sa ake raba shabakar kotu da intanet ɗin kowa da kowa, a gina mata katanga, a kuma hana ma'aikaci cusa kowane irin tarkace a na'urar ofis.

ABIN DA WASU SUKA YI

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Najeriya. A 2012, zamanin Babban Jojin Ƙasa Dahiru Musdapher, mutumin Ɓaɓura ta jihar Jigawa, hukumar shari'a ta fitar da manufa a rubuce kan yadda za a shigar da kwamfuta kotunan ƙasar, aka ɗora Mai Shari'a Kashim Zannah, Babban Jojin Borno, a kan kwamitin aikin. Daga nan aka gina manhajar bin diddigin ƙararraki, a 2018 kuma aka buɗe akwatin saƙo na musamman tsakanin lauyoyi da kotu. Da annobar korona ta rufe kotuna a 2020, babbar kotun Borno a Maiduguri ta yi zama ta bidiyo a watan Afrilu, tana cikin na farko a ƙasar. Aka yi ta muhawara ko irin wannan zama ya cika sharaɗin tsarin mulki na yin shari'a a bainar jama'a, har magana ta kai Kotun Ƙoli, wadda a watan Yuli na shekarar ta nuna cewa bai saɓa ba. Sai dai da yake kowace jiha da nata kotuna da nata aljihu, tafiyar ba ta zo daidai ba, kuma ƙananan kotuna, inda talaka da ɗan kasuwa suka fi zuwa, su ne a baya.

Ruwanda ta bi wata hanya. Daga 2016 ta haɗa masu bincike, masu gabatar da ƙara, kotuna da gidajen yari a manhaja ɗaya, ta yadda fayil ke tafiya daga wannan zuwa wancan ba tare da masinja ba. Da yake ba kowa ke da kwamfuta ba, sai aka koya wa masu shagunan intanet yadda za su shigar wa mutane da ƙara. Kenya ta fara shigar da ƙara ta na'ura a Nairobi ranar 1 ga Yuli, 2020, ba ta kai shi dukan ƙasa ba sai a watan Maris, 2024. Waɗanda ke kai dabbobi Jidda ta Sawakin kuwa sun ji labarin Najiz, inda ake shigar da ƙara da yin wakilci a Saudiyya ta waya.

Abin lura a duk waɗannan: an fara da gwaji a wuri kaɗan, an gyara doka, an horar da mutane, an kuma ɗauki shekaru. Doka kam dole ce, domin in ba ta yarda da rubutun na'ura ba, aikin banza ne. Sudan tana da dokar mu'amala ta na'ura tun 2007, wadda ta amince da rubutu da sa hannu irin na kwamfuta. Najeriya kuma sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ne ya buɗe wannan ƙofa. Mu kanmu mun ga ɗan misali a 2015, lokacin da aka mai da rasit ɗin gwamnati, Urnik 15, na na'ura.

ABIN DA KWAMFUTA BA ZA TA YI BA

Kada mu yaudari kanmu. Kwamfuta ba ta mai da maƙaryaci mai gaskiya, ba ta kamo wanda ya ci bashi ya gudu, ba ta ciyar da shanun da aka tsare a matsayin shaida suna ramewa a bayan ofishin 'yan sanda. Abin da take yi shi ne rage kwanakin da za su yi a tsare, da hana fayil ɓata, da sanar da kai ranar zama ta saƙon waya, maimakon ka bar kasuwa ka zo a ce maka an ɗage.

Har ila yau shabakar ƙasa a bakin iyaka take tsayawa. Hukuncin da aka yanke a Sinja ba zai zartu a Matamma ta Habasha ko a Abeshe don yana cikin kwamfuta ba, wannan sai da yarjejeniya tsakanin gwamnatoci. Tsakanin ƙasashen Larabawa akwai yarjejeniyar Riyad ta 1983 kan taimakon juna a harkar shari'a, Sudan da Saudiyya suna ciki. Nijar da Cadi kuma suna cikin ƙungiyar OHADA mai dokokin kasuwanci na bai ɗaya, wadda kotunta ke Abijan. Duk da haka, hukuncin da za a iya tabbatar da sahihancinsa da lamba ya fi saurin karɓuwa a ko'ina bisa takardar da ta sha ninki a aljihu.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Kotunan da yaƙi ya lalata dole a sake gina su, a 2025 kuma an kafa ma'aikata ta musamman mai kula da mai da ayyukan gwamnati na na'ura. Lokacin da ake shata burtali shi ne lokacin magana, in an riga an kafa turaku sai haƙuri. Ya kamata shugabannin ƙungiya su kai wa hukuma buƙatu huɗu a rubuce. A sa kotunan garuruwan kasuwa da na karkara cikin zangon farko, kada a tsaya a manyan birane. A bar gurbin baƙo mai fasfo. A bar taga ɗaya a kowace kotu inda wanda bai iya karatu ko Larabci ba zai faɗa da baki a rubuta masa, a kuɗin da aka ƙayyade aka manna a bango, don kada a kori ɗan-kamasho na takarda a kawo na kwamfuta. A kuma yarda shaidan da ke wata ƙasa ya ba da shaida ta bidiyo daga wata kotu ko ofishin jakadanci.

Sa'an nan mu gyara namu gidan, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk cinikin bashi a rubuta shi, ko da ajami ne: sunan mai saye da lambar shaidarsa, yawan dabbobi da launinsu da alamarsu, kuɗin da aka biya da wanda ya rage, ranar biya, sunan damin da shaidu biyu. Ai Alƙur'ani ma ya yi umurni da rubuta bashi a ƙarshen Suratul Baƙara, tun kafin a san wata kwamfuta. A ɗauki hoton takardar da na dabbobin da waya, a tura wa ɗa ko ƙane da ke wani gari. Saƙon banki na tura kuɗi kada a goge shi. Wanda ke da ƙara a kotu ya rubuta lambarta a wuri biyu, ya nemi kwafi mai hatimi na duk abin da aka yanke. Littafin kasuwa da ke hannun sakataren kowane reshe, shi ma a riƙa ɗaukar hotonsa duk ƙarshen wata ana aika wa reshe na kusa.

Ɗan'uwanmu mai bijimai ashirin dai har yanzu yana neman damin ɗinsa. Wanda ya ji labarin irin wannan matsala a reshensa, ya sanar da sakatare domin a haɗa su wuri ɗaya a kai gaba. Allah Ya mayar masa da alheri, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya raba mu da ranar da za mu nemi haƙƙinmu mu rasa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.